Batsa a waƙa: abin da iyaye ke ji da abin da 'ya'yansu ke ji

Yawanci ba a bakin babban yaron asiri ke tonuwa ba. Ƙanwarsa 'yar shekara shida ce za ta fito tsakar gida, baƙi na zaune a kan tabarma, ta kama rera amshin wata waƙa tana karkaɗa kafaɗa, ba ta kuskure kalma ko ɗaya, ba ta kuma san ma'anar ko ɗaya ba. Uwa ta daka mata tsawa, a tambaye ta a ina ta ji, ta nuna ɗakin yayanta. Kafin a kira magariba an ƙwace waya. Yaro ɗan shekara 15 ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Umma ni kiɗan kawai nake ji." Uba ya ce wannan rainin hankali ne. Bayan sati biyu a mayar masa da wayar saboda aikin makaranta, ko don ana neman sa idan an aike shi. Waƙoƙin na nan daram, sai dai sun koma wata ma'ajiya mai sunan darasin lissafi, kuma yanzu da iyafis yake ji, ɗaya a kunne ɗaya a aljihu don ya ji idan an kira shi.

Uban da ɗan duk sun faɗi wani ɓangare na gaskiya, shi ya sa rigimar take da wuyar sasantawa. Wanda ya tashi a kan waƙar baka ta Hausa ya saba da cewa magana ce gaba, kiɗa yana biye. Kalangu ko kotso ko kuntigi suna rakiya ne kawai, abin da mai sauraro ke jira shi ne azanci, kirari, zambo da habaici. Kunnen irin wannan mutum ba ya iya barin kalma ta wuce. Shi kuwa matashin yau ya tashi a kan waƙoƙin da aka gina su a kan bugun sauti, kalmomin kuma a cakuɗe: Turanci, Turancin buroka, Yarbanci, Hausar bariki, wani lokacin har da Indiyanci. Sau da yawa bai taɓa jin waƙar daga farko zuwa ƙarshe ba, gutsuren daƙiƙa 15 ko 30 ne da ya yi ta maimaituwa a TikTok. Idan ya ce bai lura da baiti na biyu ba, mai yiwuwa ne da gaske yake. Amma amshin fa? Amshi shi ne abin da ake maimaitawa sau shida ko takwas a cikin minti uku, shi ne ke zama a baki ba tare da an yi niyyar hadda ba, kuma galibi a nan mawaƙi ke ajiye kalmar da za ta sayar masa da waƙar. Abin da kunne bai fassara ba kuwa, bidiyo ya riga ya fassara wa ido. Don haka "kiɗan kawai nake ji" tana da rabin gaskiya, kuma kuskure ne a ɗauke ta gaba ɗaya ko a watsar da ita gaba ɗaya.

Dole a amince da wani abu tun da wuri: batsa a waƙa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. 'Yan gambara sun shahara da sakin baki a kasuwa da dandali. A bukukuwan mata, idan an kafa ƙwarya ana kiɗan amada, akan faɗi maganganun aure da kishi da ɗaki waɗanda ba za a faɗa a zaure ba. Sai dai kowanne yana da katangarsa. Amada ta cikin gida ce, ta matan aure, yaro namiji da ya leƙo a kore shi, budurwa a aike ta ɗebo ruwa. Ɗan gambara kowa ya san sana'arsa, mai mutunci ya ba shi abin da zai ba shi ya wuce, ba wanda ke kai shi ɗakin kwanan 'ya'yansa. Kuma ko a nan ɗin akan sakaya zance, babba ya gane ya yi murmushi, yaro ya ji kalmomin ya wuce su. Abin da waya ta yi shi ne rushe katangar. Maganar da a da take da wuri da lokaci da masu ji, yanzu tana shiga kunnen ɗan shekara 12 da ƙarfe ɗayan dare, shi kaɗai, sau nawa ya ga dama. A ganina wannan ne asalin matsalar, kuma duk maganin da bai mayar da wata katanga ba, ihu ne bayan hari.

Iyaye kan haɗa abubuwa da yawa a buhu guda su kira su "waƙar iskanci", alhali illarsu ba ɗaya ba ce. Akwai waƙar da ke da ashar ko zagi a baiti ɗaya amma jigonta wahalar rayuwa ne ko neman na kai. Akwai ta soyayya, wadda ke iya sa uba ya ji nauyi a mota ba tare da ta faɗi wani abin ƙi ba. Akwai mai siffanta jiki da saduwa ƙarara. Akwai kuma wadda ke mayar da mace kayan amfani, a saya a yar, namiji kuma ba shi da wata daraja sai yawan matan da ya yaudara. Wannan bambancin an gwada shi. A 2006 mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga binciken da Steven Martino da abokan aikinsa na cibiyar RAND suka yi a Amurka, inda suka bi matasa 1,461 masu shekara 12 zuwa 17 na tsawon shekara uku. Sun gano cewa waɗanda suka fi sauraron waƙoƙi masu wulaƙanta mace ko namiji ta fuskar jima'i sun fi saurin fara tarayyar jiki. Waƙoƙin da suka taɓo jima'i ba tare da wulaƙanci ba kuwa, ba a ga irin wannan alaƙar tare da su ba. Bincike irin wannan alaƙa yake nunawa, ba ya yanke cewa waƙa ce kaɗai sanadi, don yaron da hankalinsa ya riga ya karkata can yana iya neman waƙar da ta dace da shi. Kuma an yi shi a al'ummar da ma'auninta na kunya ya sha bamban da namu. Duk da haka darasinsa yana da amfani a Kano kamar yadda yake da shi a Kalifoniya: abin da ya fi cancantar tsoro shi ne hoton da waƙa ke zana wa yaro game da yadda ake mu'amala da mace, fiye da kalma guda mai ƙazanta.

Sannan akwai rukunin da iyaye suka fi sakaci da shi, saboda babu kalmar da ke sa a toshe kunne a ciki. Waƙar da ke yabon shaye-shaye, ko kuɗin damfarar intanet, ko daba da ɗaukar fansa, tana iya wucewa ta gaban uwa lafiya lau, don da sunayen ɓoye ake kiran kayan, sunayen da ke canzawa duk shekara. Wani binciken da Brian Primack ya jagoranta, wanda aka buga a 2008, ya duba waƙoƙi 279 da suka fi tashe a Amurka a 2005, ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku suna ambaton giya ko ƙwaya ko taba kai tsaye. A ƙasar da sai da gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 saboda yadda ya yi wa matasa, musamman a Arewa, katutu, bai kamata a ce waƙar da ke ƙawata kwalba ta fi waƙar soyayya samun sassauci a gida ba. Amma haka abin yake a gidaje da yawa.

Wasu iyayen sun ji labarin ƙaramin harafin E da ke gefen sunan waƙa a manhajoji, sun ɗauka wata hukuma ce ke saurare tana liƙawa. Tarihin alamar ya nuna akasin haka. A 1985 wasu matan manyan 'yan siyasar Washington, cikinsu har da Tipper Gore da Susan Baker, suka kafa ƙungiyar PMRC ta iyaye masu sa ido a kan waƙoƙi, suka fitar da jerin waƙoƙi 15 da suka ce sun fi ƙazanta. A watan Satumbar shekarar wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a kan batun, mawaƙa suka zo suka yi gardama cewa wannan hanyar toshe baki ce. Ba a yi doka ba. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta RIAA ce ta yarda bisa raɗin kanta a riƙa sa gargaɗi, kuma a 1990 aka daidaita shi zuwa tambarin nan baƙi da fari da aka sani. Manyan shaguna irin su Walmart suka ƙi sayar da faifan da ke ɗauke da tambarin, abin da ya sa kamfanoni suka riƙa fitar da waƙa iri biyu, ta asali da wadda aka goge wa munanan kalmomi. Har yau tsarin bai canza ba: mai waƙa ko kamfanin da ke rarraba masa ita ne ke cewa tana da batsa ko babu a lokacin da ake ɗora ta. Manhajar tana karɓar abin da aka gaya mata ne.

Ka ga ke nan ramuka uku. Matashin da ya haɗa waƙarsa a ƙaramin situdiyo a Kaduna ko Jos ya ɗora da kansa, ba abin da zai tilasta masa ya sa alamar, kuma sa ta na iya rage masa masu ji. Na biyu, ma'aunin da aka gina don kalmomin ashar na Turanci ba ya jin habaicin Hausa. Mawaƙi zai yi ta maganar zuma da rake da tukunya, kowane ɗan sakandare ya gane inda aka dosa, amma a takarda ba kalmar da za a kama. Na uku, waƙar da aka "tsabtace" kalma biyu ko uku kawai aka yanke ko aka juya sautinsu, jigon na nan, yaro kuma yana cike gurbin da bakinsa.

Hukumomin gida ma sun gwada nasu. Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, wadda aka kafa a 1992, tana ayyana wasu waƙoƙi a matsayin waɗanda ba za a sa a rediyo da talabijin ba. Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta haramta sauraro da yaɗa waƙoƙin Hausa 11. A lokacin Bluetooth ne ke tashe, kuma jerin sunayen da aka fitar ya zama tamkar talla, wanda bai taɓa jin su ba ya shiga nema. Ikon hukuma yana kan tashar rediyo, da shago, da mawaƙin da ake iya kamawa. Ba ya kaiwa ga abin da ke wucewa daga waya zuwa waya a bayan aji. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da bayanin wannan, tun 1966 da Jack Brehm ya nuna cewa idan mutum ya ji an ƙwace masa wani zaɓi, abin da aka hana ya kan ƙara daraja a idonsa. A shekarun balaga, lokacin da yaro ke neman abin da zai kira nasa, wannan ɗabi'ar ta fi ƙarfi. Waƙa a wurinsa shaidar zama ɗan gari ce. Wanda bai san abin da ake yayi ba, shi ake yi wa dariya a makaranta, kuma wannan dariyar tana yi masa ciwo fiye da yadda manya ke zato.

A gidajen Musulmi gardamar kan rikiɗe nan take ta koma ta halal da haram, kuma a nan iyaye da dama ke faɗuwa ba tare da sun sani ba, don suna haɗa tambaya biyu. Hukuncin kiɗa shi kansa tsohon saɓani ne tsakanin malamai. Mafi yawansu sun tsananta a kan kayan kiɗa, suna kafa hujja da abubuwa irin su fassarar da Abdullahi ɗan Mas'ud ya yi wa aya ta 6 a Suratu Luƙman, yayin da irin su Ibn Hazm suka sassauta, Imam Ghazali kuma ya yi dogon bayani a kan sharuɗɗan sauraro. Batsa kuwa ba wanda ya halatta ta. Uban da ya ce "kiɗa duk haram ne" alhali rediyon motarsa na kan waƙoƙin makaɗan da, kuma wata uku da suka wuce shi ya biya DJ a bikin 'yarsa, ya miƙa wa ɗansa makami. Yaron ba zai faɗa a gabansa ba, tarbiyya ba za ta bari ba, amma ya rubuta a zuciyarsa cewa dokar son rai ce. Gidan da ya ɗauki matsayin barin kiɗa gaba ɗaya, to ya ɗauka har da manya. Gidan da bai ɗauka ba, gara ya tsaya a kan abin da ba shi da ja: ba a shigo da batsa da wulaƙanta mata da yabon maye cikin gidan nan, ko a waƙa ko a fim ko a hira.

Saitin waya yana da amfani, muddin an san iyakarsa. A Spotify, wadda ta shigo Najeriya a 2021, ana shiga saiti a kashe maɓallin Allow explicit content, sai waƙoƙin da ke da alamar E su dushe su ƙi kunnuwa. Amma idan asusun na yaron ne shi kaɗai, daƙiƙa biyar ta ishe shi ya mayar. Sai a tsarin biyan kuɗi na iyali ne mai riƙe da asusun ke iya kulle wa wani daga nasa ɓangaren. A iPhone ana bi ta Screen Time, a shiga Content & Privacy Restrictions, a zaɓi Clean a wajen waƙa, a kulle da lambar sirri mai lamba huɗu wadda ba ita ce ta buɗe wayar ba, kuma ba shekarar haihuwar kowa a gidan ba. A wayoyin Android, waɗanda su ne a hannun mafi yawan yaranmu, manhajar Family Link ta Google kyauta ce: ana haɗa asusun yaro da na uba ko uwa, a hana sauke sabuwar manhaja sai da izini, a sa lokacin da waya za ta kulle kanta da dare. YouTube na da Restricted Mode, sai dai a kan kowace na'ura da kowane burauza ake kunna shi daban, wanda aka kunna a manhaja bai shafi wanda aka buɗe ta Chrome ba. TikTok na da Family Pairing, inda ake haɗa waya biyu ta hanyar ɗaukar hoton wata alama, daga nan a iya taƙaita lokaci, a rufe saƙonnin sirri, a kuma toshe wasu kalmomi. Tun 2023 kamfanin ya sa iyakar minti 60 a rana ga 'yan ƙasa da shekara 18.

Duk waɗannan sun dogara ne a kan abu guda, wato shekarar haihuwar da aka rubuta ranar buɗe asusu. A wurinmu kuwa wa ke buɗe wa yaro asusu? Mai shagon waya ne, ranar da aka sayi wayar, ya rubuta shekarar da ta zo masa a ka don ya gama da sauri. Ko kuma tsohuwar wayar Umma ce aka ba yarinya da asusun Umma a ciki. A idon manhaja wannan yarinyar tana da shekara 40, ba wata kariyar da za ta tashi. Saboda haka matakin farko shi ne a buɗe saitin asusun a duba shekarar, a gyara ko a buɗe sabo da ta gaskiya.

Ko an yi wannan, rariyar tana tace ƙofa ɗaya ce kawai. Wayoyin Tecno da Infinix da itel suna zuwa da Boomplay a ciki, ga Audiomack da matasa ke so saboda ana iya sauke waƙa a ji ba data, kowacce sai an duba nata saitin daban. A TikTok kowa na iya ɗora gutsuren waƙa a matsayin sautinsa na kansa, ba suna ba alama. Babbar ƙofar kuma ba ta bi ta intanet ko kaɗan: Xender, da katin memori da ake cikawa a wajen masu tura waƙoƙi a kasuwar waya ko shagon caji, ɗaruruwan waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan, mai turawa ne ke zaɓa, kuma abin da ake yayi yake zubawa. Fayil ɗin da ya shiga waya ta wannan hanya ba saitin da ke ganinsa. Akwai ma manhajoji masu kama da kalkuleta waɗanda ma'ajiyar sirri ce a bayansu. Ga kuma sifikar adaidaita sahu, da shagon aski, da wurin biki. Wanda ya ce zai toshe duk waɗannan da maɓalli, zai gaji kafin yaron ya gaji. Saiti yana yi wa ɗan shekara 9 ko 11 aiki sosai, don shi tuntuɓe yake yi da abin, ba nema yake ba. Ga ɗan shekara 16 kuwa, ɗan jinkiri ne kawai.

Shi ya sa zama da yaron ba shi da madadi, kuma yadda ake zaman ne ke sa ya yi amfani ko ya ɓaci. Kada a yi shi a ranar da abin ya faru, rai a ɓace. Kada a yi a gaban ƙanne, don yaron da aka kunyata a gaban ƙannensa mutuncinsa zai tsaya karewa, ba zai ji komai ba. Sai kuma a yi tunanin wa zai yi maganar. A al'adarmu da wuya uba ya zauna da 'yarsa budurwa su warware ma'anar baitin batsa, ita ma ba za ta iya ɗaga ido ba, ga ɗan fari kuma akwai alkunya. Amma al'adar da ta sa wannan shingen ta tanadi masu tsallake shi: gwaggo, ƙanwar uwa, kawu, babban yaya ko yaya mace da ta yi aure, har da kaka, wadda wasan jika ya ba ta lasisin faɗin abin da uwa ba za ta iya ba. Wanda aka zaɓa ya zama mai riƙe sirri, wanda kuma yaron ba ya yi wa kallon ɗan rahoto.

Hanyar da ta fi aiki ita ce a ce yaron ya kawo waƙoƙi goma da ya fi ji a watan, shi ya zaɓa. A fara da tambayarsa abin da yake so a kowacce, a kuma saurari amsar da gaske, don wani lokacin za a tarar baitin da ya kama shi na maraici ne ko na talauci, ba wanda ya tayar wa manya hankali ba. Daga nan a ɗauki biyu ko uku masu matsala, a nemo kalmominsu a rubuce, ya karanta a zuciyarsa ba kiɗa, ya faɗi da Hausa abin da ake nufi, a sakaye. Kalmomin da aka raba da kiɗa sukan yi tsirara, kuma yawancin yara da kansu suke jin nauyin. Tambaya guda ta fi huɗuba: da wani ya tsaya a ƙofar gidan nan ya faɗa wa ƙanwarka wannan, me za ka yi? Ga yarinya kuma: wadda ake siffantawa a nan, yaya kike ganin mawaƙin zai yi da ita gobe da safe? Sai a kasa waƙoƙin uku. Waɗanda za a iya sa wa a sifika a tsakar gida. Waɗanda babban yaro zai iya ji shi kaɗai amma ba a gaban ƙanne ba, ba a tura wa kowa ba. Da waɗanda za su bar wayar yau, shi kuma zai goge da hannunsa. Kashi na tsakiyar nan shi iyaye suka fi ƙi, suna ganin kamar sallamawa ce. Ni ina ganin shi ne ke riƙe da yarjejeniyar, don yaron da aka bar wa wani abu yana da abin da zai yi asara idan ya karya alkawari, wanda aka ƙwace wa komai kuwa ba abin da ya rage masa sai dabarar ɓoyewa. Kashi na ukun ya zama gajere kuma dalilinsa a fili: wulaƙanta mace, siffanta saduwa ƙarara, yabon ƙwaya ko zubar da jini.

Shekaru suna canza rabon. Ƙasa da 12, iyaye ne ke zaɓa, kuma bai kamata a ce akwai waya ta kansa da iyafis a ɗaki ba. Daga 13 zuwa 15 a yi irin wancan zaman duk bayan wata biyu ko uku, don abin da ake yayi yana juyawa da sauri. Daga 16 zuwa sama, dokar wuri da lokaci ce ta rage, tare da nauyin da aka ɗora masa na kare kunnen ƙannensa, nauyin da samari kan ɗauka da muhimmanci idan an ba su shi a matsayin girma. Hukunci kuma a faɗe shi tun kafin a yi laifi, ya zama gajere, kwana biyu ko uku ba waya. "Ba kai ba waya har abada" ba ta taɓa wuce wata guda, kuma ranar da aka janye ta yaro ya koyi cewa maganar gida tana da ranar ƙarewa. Doka ɗaya da ta fi sauran sauƙin tsarewa ita ce wayoyi su kwana a caji a falo ko ɗakin iyaye daga ƙarfe goma, don mafi munin sauraro na tsakar dare ne. Tana kuma taimakon kunnen kansa: Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada ƙarar iyafis ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfinta, kuma yaron da ke barci da shi a kunne yana tara wa kansa matsalar ji tun kafin ya kai 30.

Akwai rashin adalci guda da ke ɓata duk wannan, wato a tsananta wa mace a kau da kai ga namiji. Yarinya ta rera baiti a yi mata kaca-kaca, yayanta ya cika unguwa da waƙar a ce ai namiji ne. Alhali idan waƙar tana koyar da raina mata ce, shi ne ɗalibin da aka nufa. Inda yarinya ta fi fuskantar haɗari shi ne idan ta tashi daga mai ji ta koma mai ɗorawa, ta ɗauki kanta tana bin baitin da baki ko tana rawa ta sa a TikTok ko a status. Wannan bidiyon ana sauke shi cikin daƙiƙa, yana iya dawowa bayan shekara biyar a hannun dangin mai neman aurenta, ko a hannun wanda zai yi mata barazana da shi. Wannan ya cancanci doka mai tsauri dabam, wadda ba ta cikin abin da ake ciniki a kai, kuma a bayyana mata dalilin dalla-dalla tare da tabbacin cewa idan wani ya taɓa tsorata ta da hoto ko bidiyo, gida za ta fara kawo ƙara ba tare da fargabar duka ba.

Waƙa ita kaɗai ba kasafai take zama alamar lalacewa ba. Yaron da ke sallarsa, makinsa bai faɗi ba, yana cin abinci da mutane yana dariya, amma wayarsa na da waƙoƙi uku marasa kyau, gyara yake buƙata ba tashin hankali ba. Abin da ke sa a miƙe tsaye shi ne idan sauyin waƙa ya zo tare da wasu: sababbin abokai da ba ya son a sani, kuɗi ko kaya da ba a san tushensu ba, barcin rana da jan ido, kalmomin waƙar sun fara fitowa a yadda yake yi wa 'yan'uwansa mata magana. A nan an wuce batun abin da ke cikin memori, sai a nemi malaminsa na makaranta, a kuma je asibiti idan ana zargin shaye-shaye.

Saura wurin da manya da kansu ke buɗe ƙofa, wato biki. Waƙar da aka ƙwace waya a kanta ranar Talata, ita DJ zai saka ranar Asabar a wurin kamu ko dina, iyaye mata na liƙi, yara 'yan shekara biyar na tsakiyar fili ana tafa musu ana ɗauka a waya. DJ abin da ke tayar da fili yake bi, ba zai tace ba sai an sa shi. Mai biki yana da ikon ya ba shi jerin waƙoƙin da ake so da waɗanda ba a so kwana biyu kafin ranar, a rubuce, ya riƙe wani kaso na kuɗin aikin sai an tashi, ya kuma ajiye mutum ɗaya daga dangi, wanda ya san waƙoƙin zamani, kusa da teburinsa. Wanda ya fi dacewa da wannan kujerar sau da yawa shi ne matashin nan ɗan shekara 15 da aka yi rigima da shi, don duk gidan ba wanda ya kai shi sanin waƙar da za ta ɓaci a baiti na biyu.